Sunan da Ya Tafi a Cikin Amalanke

Har yau idan aka ambaci babana, Merv Tregear, a unguwarmu a garin Bendigo, ba shekara talatin da ɗaya da ya yi yana gyaran jirgin ƙasa ake fara tunawa ba. Dala biyun ranar Talata ake tunawa.

Kowa a nan ya san amalanken tura kayan sayayya na kanti ba ya rabuwa da 'yan'uwansa da aka sarƙe su tare sai ka zura masa kwandalar dala biyu. Idan ka gama sayayya ka mayar da shi ka haɗa sarƙa, kwandalarka ta dawo hannunka. Kowa kuma ya san gajeriyar hanya: kana sauke kaya a mota, wani mai shiga kanti ya miƙo maka tasa kwandalar, ka sakar masa amalanken da taka a ciki, kowa ya huta da tafiya. Babu mai leƙa abin da ke cikin ramin. Amana ce kawai.

To Baba ba ya zura kwandala. Tun shekarun baya ya yanka wani ɗan faifan tagulla daidai girmanta ya rataya a makullansa, don kada ya riƙa laluben aljihu a gaban mutane. Da yake kuma shi mutum ne da ba ya barin abinsa babu suna, daga guduma har bokitin wanke mota, sai ya buga wa tagullar haruffa: M. TREGEAR. A Talatar nan wata mata mai jar jaka ta miƙo masa dala biyu da murmushi, ya karɓa da murmushi, har ya ɗaga mata hula. Ta tura amalanke ta shige kanti da tagullarsa.

Da wani ne da sauƙi. Amma wannan shi ne tsohon da ke tsayar da mota ya ciro amalanke daga rafi ya tura shi har kanti, wanda sau huɗu jaridar gari tana buga wasiƙarsa a kan lalacewar tarbiyyar masu barin amalanke a gindin bishiya.

Ni ban san komai ba sai ranar Juma'a. Na kai masa burodi da safe, na tarar da shi a rumfar kayan aikinsa ya danne awartakin juya nama yana ta gurza shi da magagari. A ranar Lahadi ne mahaifiyar Callum, saurayin da 'yata Tegan za ta aura, za ta zo cin abinci karo na farko, kuma a tsakar gidan Baba za a gasa naman. Na ɗauka tsatsa yake cirewa. Ina shirin tambaya ke nan sai ga Tegan ta shigo da kayan aikinta na asibiti, tana wata irin tafiya ta wadda ta zo da labari. Abin da ni ba na iya faɗa wa Baba, ita tun tana 'yar shekara uku take faɗa masa a fuska. Sai na nemi bokiti na kife na zauna.

"...ka kwana lafiya, Kaka? Ko in ce ranka ya daɗe, Alƙalin Amalanke?"

"Na kwana lafiya, na tashi lafiya. Yanzu da na gan ki ne dai ban san yadda ranar za ta ƙare ba."

"Tsaya, ɗago in gani. Kaka! Ina gashin bakinka?"

"Zafi."

"Shekara arba'in kana ɗauke da shi, bana aka fara zafi a Nuwamba?"

"Bana ya fi."

"Wannan malafar kuma fa? Ba ta Kaka Beryl ba ce, ta shiga lambu? Ga furenta ma a jiki."

"Matata ce, gadona ce. In na ga dama har siket ɗinta sai in sa."

"Ina shuɗiyar hularka?"

"Tana wanki."

"Hular da ko ranar jana'iza ba ka yarda an wanke ba?"

"Ke, asibitin ne suka kore ki, ko majinyatan ne suka haɗa kuɗi suka roƙa a ba ki hutu?"

Tegan ta ja kujera ta zauna, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

"Labari na kawo maka, irin wanda kake so, na lalacewar zamani. Jiya Callum yake gaya min wai ranar Talata an damfari mamarsa a bakin kanti."

Magagari ya tsaya. Ya ci gaba, a hankali.

"Allah ya kyauta. Garin nan ya cika da 'yan iska."

"Wannan ɗan iskan ya kai shekara tamanin."

"Saba'in da takwas," in ji Baba, sannan ya yi tari. "Ina nufin, yawanci masu irin wannan ba sa kai tamanin."

"Shuɗiyar hula. Farin gashin baki. Ta ce dala biyun ba su dame ta ba. Hular da ya ɗaga mata ce take ƙona mata rai. Wai har ta shiga kanti tana cewa ashe akwai sauran dattawan kirki."

"Tsofaffi masu shuɗiyar hula sun fi ɗari a garin nan."

"Masu suna M. Tregear fa, su nawa ne?"

"Akwai Maurice Tregear na unguwar Eaglehawk."

"Ya rasu bara. Kai ka kama akwatinsa ta hannun dama."

"To kin ji irin halin Maurice ke nan. Ko mutuwa ba ta sa ya daina ba."

Na so in riƙe dariyata, ta ƙwace. Baba ya harare ni ta ƙarƙashin malafa, na sunkuyar da kai ina gyara ledar burodi.

"Kaka, me kake gogewa a jikin awartakin nan?"

"Tsatsa."

"Tsatsar da ta fara da M ta ƙare da R?"

Ta miƙa hannu ta ɗauki cokali mai yatsu na gashin nama a kan tebur. An gurje masa wuya ya yi fari tas. Ga wuƙa, ita ma haka. Ga murfin kula, an kankare shi har ya yi rami.

"Tirƙashi! Ɓarawo na share sawu."

"Kul kika ƙara kirana ɓarawo a rumfata! Ciniki aka yi. Ta ba ni dala biyu, na ba ta tagulla tsantsa, aikin hannu, wadda babu irinta a duk faɗin ƙasar nan. In ta kai wa masu sayen kayan tarihi, sai sun ba ta dala hamsin. Ita ya kamata ta neme ni ta yi godiya."

"A ina ka samo tagullar?"

"A ma'aikatar jirgi, tun kafin a haifi ubanki."

"Au, ita ma sato ta ka yi?"

"Guntu ne da aka zubar!"

"Sata a kan sata. Ashe gaskiya ne a sarƙa aka kawo kakanninmu ƙasar nan suna fursunoni."

"Namu da ƙafarsu suka hau jirgin ruwa, suka zo haƙar zinariya da kuɗin aljihunsu. Dangin ubanki ne aka ɗauro saboda tunkiyar mutane. Ki dubi yadda kike cin nama, ai jinin bai ɓuya ba."

"Su tunkiya guda suka ɗauka, aƙalla an ci an ƙoshi. Kai ka zubar da mutuncin zuriya a kan dala biyu. Ko shayi ba za su saya maka ba."

"Za su sayi bakinki, har a ba ni canji."

"Bakina ya fi ƙarfin fanshonka, tsoho. Bari ma in gaya maka, sa'arka ɗaya: sunan babana nake amsawa, Maman Callum ba ta san ni jikar Tregear ba ce. Tukuna. Amma jibi za ta tsaya a ƙofar gidan nan. Me aka rubuta a ƙofar?"

Baba ya ci gaba da gurzar awartakinsa.

"A akwatin wasiƙu fa? A ƙarƙashin kujerun nan goma sha biyu? A kwanon kare? Keken da ka saya min ina 'yar shekara biyar, sau uku ka buga masa suna. Ni kaina sai da na sa Callum ya duba min bayan wuya, ko ka buga min ina jaririya."

"Da na buga miki da an daɗe da dawo min da ke, an ce kayan sun lalace."

"Kwana biyu gare ka. In ka goge cokali ɗaya a minti goma, za ka gama gidan nan ranar bikin jikata."

Baba ya ajiye magagari. Ya dubi rumfar, ya dubi sukurdirebobi da spanoni da ke jere a bango, kowanne da sunansa yana ƙyalli. Tun ina yarinya nake ganin yana alfahari da bangon nan. Ran nan kallonsa yake kamar taron shaidu.

"To ba ni da lafiya ranar Lahadi," in ji shi. "Ku kai abincin gidan uwarki."

"Me ke damunka?"

"Ƙirji."

"Kawo hannu in gwada. Aikina ke nan."

"Ba irin ƙirjin da kuke gwadawa ba ne."

"In ba ka fito ba, zan ce wa maman Callum kakana yana gidan yari, ranar ziyara ce kawai ake ganinsa."

"Ki ce mata na mutu."

"Sai ta zo gaisuwa ta karanta sunan a jikin akwati. Na san ka, shi ma sai ka buga masa."

A nan na zaci zai mayar mata da wata, don bai taɓa barin ta ta ci ta ƙarshe ba. Sai ya cire malafar ya ɗora a gwiwa. Leɓensa na sama, da bai ga rana ba tun ina makarantar firamare, ya yi fari kamar cikin burodi.

"Ba ki san rabin abin ba, yarinya."

Tegan ta sauke ƙafarta.

"Na koma fa," in ji shi. "Ina tsaye a danjar bakin tasha na ji makullaina sun yi sauƙi. Na taɓa aljihu na ji kwandala. Nan take na juya mota. Na jira a filin ajiye motoci, ina cewa da ta fito zan tare ta in ba ta haƙuri, magana ta wuce."

"To ai shi ke nan. Sai aka yi yaya?"

"Ta fito. Ta sauke kaya. Ta tura amalanken har wurinsa, ba ta bar shi a gindin bishiya ba, mace mai tarbiyya. Ta haɗa sarƙa, tagullata ta faɗo mata a hannu. Ta juya ta. Ta ciro tabarau ta karanta. Sai ta ɗago tana dube-dube, fuskarta kamar ta wadda aka mara a coci."

"Kai kuma ka fito."

"Ni kuma na kwanta."

"Ka me?"

"Na kwanta a kujerar a-kori-kura. Miƙe. Kaina a ƙarƙashin sitiyari." Ya shafa inda gashin bakinsa yake a da. "Ban yi shawara ba, jikina ne ya yi. Akwai wani kare a motar da ke kusa, ya leƙo yana kallona ta taga. Minti ashirin muna kallon juna. Man shanun da na saya ya narke a leda. Da na ɗago ta tafi."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro hankici a ƙulle, ya kwance. Kwandalar na ciki.

"Kwana uku ina yawo da ita. Na kasa kashewa, na kasa ajiyewa. Jiya a shagon burodi ina da ita a aljihu na ce ba ni da canji."

Tegan ta buɗe baki, na ga zolaya ta zo mata har leɓe, ta haɗiye.

"Ni dai tawa ta ƙare," in ji Baba. "A yi min dariya, na ci bashin dariyar mutane da yawa da wasiƙun nan nawa. Amma matar nan za ta zauna a teburina ta dube ki, ta ce a ranta, ashe daga gidan nan ɗana zai ɗauko mata. Shi ne ƙirjin."

Ni dai idona ya ciko. Tegan ta ja kujerarta kusa da shi, ta ɗauki malafar daga gwiwarsa ta kifa a kanta.

"Kaka, in don wannan ne ka kwantar da hankalinka. Matar nan ta ga yadda nake ajiye mota, ta ɗanɗana miyata, ba ta fasa ba. Dala biyu ba za su kore ta ba."

"Miyarki kam jarrabawa ce."

"Ka gani? Har ka fara warkewa."

"Na yi wani tunani," in ji shi da sauri. "In sa kwandalar a ambulan, babu suna, ke ki jefa mata a akwatin wasiƙu."

"Kai? Ambulan babu suna? Hannunka ba zai yarda ba, kana barci zai tashi ya rubuta."

"To ki kai mata da hannu, ki ce wani bawan Allah ne ya ba ki."

"Ina da shekara bakwai, wa ya sa ni tura amalanke daga ƙarshen fili har bakin kanti, ana ruwa, takalmina ɗaya ya cire?"

"Ban tuna ba."

"Ina kuka ina cewa Mama ta kai min. Ka ce a'a, wanda ya ɗauko shi ke mayarwa, ba a aike. Ka tsaya a ƙarƙashin lema kana kallona."

"Lemar ƙarama ce."

"To ga ruwanka ya zo, tsoho. Ni ce mai lema yau."

Ya daɗe yana kallon kwandalar. Sannan ya ƙulle hankicin.

"Muguwa. Duk cikin jikokina ke kika ɗauko halin Beryl."

"Ka nemo shuɗiyar hular. Gashin bakin kuma ka roƙe shi ya yi sauri."

Ranar Lahadi tun ƙarfe sha ɗaya Baba yake tsaye a ƙofar gida, da shuɗiyar hula, da rigar da yake zuwa jana'iza da ita, riƙe da faranti ƙarami na shayi. Kwandalar na tsakiyar farantin, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Tegan ta jingina da katanga tana cin tuffa.

"Kaka, riƙe da kyau. Za ka zubar da dukiyar mutane."

"Rufe min baki."

"In ta kira 'yan sanda, me zan riƙa kai maka? Sabulu ko magagari?"

"Ki kawo min miyarki, su ji tausayina su sake ni."

Mota ta tsaya. Callum ya fito, ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa. Rhonda sunanta, doguwar mace mai tabarau a rataye a wuya, ga jar jakar nan a kafaɗa, ga kek a hannu. Ta taho da fara'a har ta iso ƙofa. Idonta ya sauka a kan farantin ƙarfen da ke jikin ƙofar, wanda Baba bai samu zuciyar gogewa ba. Ta karanta. Ta dubi hular. Fara'ar ta ɗauke, wuyanta ya yi ja har kunne.

Baba ya cire hular, sai kuma ya tuna abin da ɗaga hula ya jawo, ya yi sauri ya mayar.

"Baiwar Allah," in ji shi, "kafin ki taka gidan nan, ni ne. Ni ne na ranar Talata. Ban yi da gangan ba, amma na koma na gan ki, na ɓuya a mota kamar yaron da ya fasa taga. Wannan kam da gangan ne. Ga kuɗinki. Yarinyar nan babu ruwanta, ita tarbiyyarta ta fi tawa."

"A rubuta wannan a jarida," in ji Tegan ƙasa-ƙasa.

Rhonda ba ta karɓi farantin ba. Ta miƙa wa Callum kek, ta rufe fuska da hannu biyu. Na ce a raina shi ke nan, abin ya ɓaci.

"Wayyo, Baba," in ji ta ta tsakanin yatsu. "Ba zan iya karɓa ba."

"Ki daure. In kina so in ƙara..."

"Ba haka ba ne. An riga an biya ni." Ta sauke hannu, ta kasa kallon kowa. "Na zage ka ranar Talata, na zage ka ranar Laraba. Ranar Juma'a na koma kanti ba ni da canji, na ce bari in gwada tagullar ɗan damfarar nan. Ta yi aiki sumul. Ina sauke kaya waya ta shigo, wani mutum mai goyon jariri a ƙirji ya miƙo min dala biyu..."

"A'a!" in ji Tegan.

"Sai da na isa gida na tuna."

"Kin koma?" in ji Baba.

"Na koma. Na hango shi yana jujjuya ta a hannu." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Na shige bayan motar kaya."

Tegan ta zame a jikin katanga har ƙasa, tuffa ta gangara titi. Callum ya riƙe kek da ƙyar. Baba kuwa ya tsaya yana kallon Rhonda kamar wanda ya yi shekara a tsibiri shi kaɗai, ya hango jirgi.

"Akwai kare?" ya tambaye ta.

"Wane kare?"

"Bar shi. Shigo, 'yata, shigo. Nan gidanku ne."

"Dangi sun haɗu!" in ji Tegan daga ƙasa, tana share hawaye. "Callum, ka riƙe walat ɗinka, mun shigo tsakiyarsu. Kaka, ka gane abin da ya faru kuwa? Sunanka na can yana zaga gari shi kaɗai, yana cin dala bibbiyu, kai kana nan kana gasa nama."

Murnar Baba ta tsaya cak. Sai a lokacin lissafin ya iso masa.

"Mai jaririn," in ji shi a hankali. "Sunan Tregear ya karanta a jiki, ba na Rhonda ba."

"Shi da duk wanda zai biyo bayansa."

An ci naman rago ranar, an ci kek, an juya nama da awartaki mai gurjajjen wuya. Baba da Rhonda suka zauna a ƙarshen tebur suna rubuta 'yar sanarwa da za su manna a allon kanti: duk wanda tagulla mai suna kaza ta faɗo masa a hannu, ya zo gida mai lamba kaza, dala biyunsa na jiransa da shayi. Rhonda ta dage sai an sa sunanta a ƙasa. Baba ya ce a'a, ta ce wanda ya ɗauko ai shi ke mayarwa. Ya waiwaya ya harari Tegan, ita kuwa ta duƙufa a kan farantinta kamar ba ita ta kai rahoto ba.

Bayan mako biyu na sake kai burodi, na tarar da su a rumfar. Gashin baki ya fara tsirowa kamar ciyawar da aka yi wa aski. Kwandalar na nan a farantinta a kan taga, mai jariri bai zo ba tukuna.

"Ina kwana, shugaban 'yan damfara na Bendigo da kewaye," in ji Tegan. "Yau nawa sunanka ya tara?"

"Lafiya lau, jikar shugaba. Zo nan, miƙo hannu."

"In dala biyu ce ba na karɓar kayan sata."

Ya ɗora mata wani abu a tafin hannu: sabon faifan tagulla, an goge shi yana walƙiya, da 'yar sarƙar ratayawa a makulli.

"Kyautar aure. Kada ki ce kakanki bai ba ki komai ba."

"Kai, Kaka..." Muryarta ta yi laushi. Ta ɗaga shi ga haske. "Har da sunana. Tsaya, mene ne wannan a baya? Lambar wayata ce!"

Baba ya ɗauki magagarinsa ya hura masa ƙura, kafaɗunsa na rawa da dariya.

"Abin a jini yake, yarinya, kuma ga shi za ki shiga gidan da su ma suna da shi. Ranar da kika yi taki, ba na so bayin Allah su sha wahalar nemanki."